Rabon Ruwan Kura a Kwalbar Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, har mai shayin bakin tasha ya ce ba zai ƙara zuba mini ba sai na ba shi labari. Abin haushin, kowa da inda yake so in fara. Wani teku yake son ji, wani atamfa, wani kuwa so yake in tabbatar masa cewa motoci a can kusan kyauta ake ba da su. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tare ni, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan Kura. Abin da ya kai ni Kwatano wata manhaja ce da na shekara uku ina rubutawa tsakanin aji da gona. Zan bayyana ta a gajarce, don na lura idanun mutane kan fara lumshewa idan na ja zancen. A jikin kowane mai rai akwai wani siririn zare da ake kira DNA, wanda aka jera da haruffa huɗu kacal. Kowane harafi yana da abokinsa guda da yake manne wa, ba ya karɓar wani. Masana suka ga ai da wannan ɗabi'a za a iya yin lissafi. A ce kana neman hanyar da za ta bi ta garuruwa shida ba tare da ta maimaita ko ɗaya ba. Sai a ƙera wa kowane gari zarensa, kowane titi ma nasa, rabinsa na manne wa wannan gari, rabin na manne wa wancan. A zuba su duka a kwalbar gwaji, su yi ta haɗuwa da kansu suna ƙulla hanyoyi, daga baya a tace a ciro wadda ake nema. To ni ba ni da kwalba, ba ni da ɗakin gwaji, DNA kuwa a hoto kawai na san shi. Abin da nake da shi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce, sai na rubuta manhajar da ke kwaikwayon abin da zai faru a cikin kwalbar, ta faɗi sakamako tun kafin a zuba komai.

Wata cibiyar bincike a Kwatano ta gayyaci mutum goma masu irin wannan aiki, sunana ya fito a ciki. Tsarin shi ne shugabar ɗakin gwajin za ta zuba zare na gaske a kwalba, kowannenmu ya sa manhajarsa ta yi hasashen abin da zai fito. Mutum biyu da hasashensu ya fi kusa da gaskiya za su dawo su yi wata shida suna aiki a ɗakin. Wannan gurbi nake so, so kuwa ba na wasa ba. Shekarata talatin da huɗu, kuma na san ba kullum irin wannan dama ke zuwa wa malamin ƙauye ba.

Ban tafi ni kaɗai ba. Malam Istifanus, malamin ilimin halittu a makarantarmu, ya ce ba zai bari in je in kunyata Kura ba tare da shaida ba. Ɗan Filato ne, amma tun yana goye iyayensa suka zo nan noman rani, Hausarsa ma ta fi tawa zaƙi. Shi ya fara zana mini DNA a allo, kuma yana taɓa Faransanci irin na sayen burodi. Ana gobe za mu tashi, Inna ta ɗaure mini shinkafa tiya uku a ɗan buhu, ta ce ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana. Na yi ta roƙonta ta bari, ta yi kamar ba da ita nake ba.

Sai da muka shiga Kano muka hau doguwar motar Legas, ita kuma ta juyo ta sake biyowa da mu ta Kura. Istifanus ya leƙa ta taga yana ɗaga wa unguwarsu hannu kamar wanda ya shekara goma a waje. Muka wuce Garun Malam da kwandunan tumatirinta a bakin titi, daga nan kuma sai doguwar hanya. Kwamfutar tana kan cinyata tun daga tasha, na rungume ta da hannu biyu. Wata Hajiya mai fataucin albasa da ke gefena ta yi ta kallona, can ta kasa haƙuri ta tambaye ni ko zinari na ɗauko. Na ce mata zare ne a ciki. Ta ce in na atamfa ne ta san inda zan sayar. Duk inda aka tsaya sallah sai in damƙa wa Istifanus jakar, kuma ina neman gafarar Allah, don na san sallolin nan sun fi na gida sauri.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba, ƙafafuna kawai nake kallo kada a take ni. Muka sami ƙaramar mota zuwa iyakar Seme. A nan aka duba fasfo da katin allurar shawara, komai lafiya, sai aka zo kan kaya. Jami'in ya kwance buhun Inna, ya tsaya yana kallon ciki, ya ɗago ya kalle ni, sannan ya kira abokan aikinsa biyu su zo su gani. Gabana ya faɗi. Ashe dariya ce ke cinsa. Ya ce tun da ya fara aiki a wannan iyaka shinkafa kullum daga Kwatano take nufar Najeriya, yau ne ya ga wadda ta yi ɓatan kai. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya shinshina. Ni kuwa da na ga ba laifi ba ne sai bakina ya buɗe, na shiga ba shi tarihin shinkafar Kura, daga iri har injin casa, sai da Istifanus ya ja rigata ya ce akwai mutane a bayanmu.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Kwatano 'yan acaɓa ne, duk cikin riguna ruwan ɗorawa, sun cika titi. Wanda ya ɗauke ni ya ƙi tashi sai na sa hular kwano. Na tuna yadda a Kura ake hawa mutum uku da buhun taki a babur ɗaya, kowa da hular zanna, sai na kifa ta a kan tawa hular. Mata kuma suna tuƙa babur abinsu, wata da goyo, wata da jakar ofis, ba mai ko waiwayarsu sai ni. Gaisuwarsu ma gajeriya ce, kalma ɗaya an wuce. Da muka isa masaukin cibiyar na gaida matar da ke karɓar baƙi yadda aka koya mini a gida, na tambayi gajiya, na tambayi aiki, na tambayi iyali da yara, Istifanus na fassarawa. Sai ta ajiye biro ta tambaye shi a hankali ko wani abu ya sami 'ya'yanta ne.

Ɗakin da aka ba mu tsaf yake, ga fanka, ga wuta ba ta ko ƙiftawa. Na ciro caja da murna zan jona, sai na ga soket ɗin bangon 'yan ramuka biyu ne zagayayyu, cajata kuwa mai ƙafa uku ce irin tamu. Batirin kwamfutata ba ya wuce minti goma sha biyar. Na zauna a bakin gado, ga shi ranar Lahadi shaguna a rufe. Mai gadi ne ya ce mu je Zango. Muna shiga unguwar na ji ana ciniki da Hausa, na ji ƙamshin tsire, raina ya dawo. Wani dattijo mutumin Maraɗi ya ji matsalata, ya yi dariya, ya zaro 'yar adafta daga ƙarƙashin tebur ya ce duk Bakanon da ya sauka a garin nan sai ya zo masa da wannan fuskar. A gidan wata mata kusa da shagonsa muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa, shi ne abincin da na ci na ƙoshi a duk tafiyar. Sauran kwanakin da safe dogon burodi ne mai tauri da ke goge dasashi, da rana kuma agidi da kifi da barkono. Istifanus bai bar komai a faranti ba, har nawa yake tayawa. Wani abin mamaki, da rana ta take sai kowa ya rufe ofis ya tafi cin abinci da hutawa kusan awa uku, ko da kuwa aiki ya kai wuya.

Ranar Litinin muka haɗu da shugabar, Madam Odil, dattijuwa 'yar siririya mai furfura, tana Turanci a hankali kamar tana auna kowace kalma. Na miƙa mata shinkafar ina jin kunya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ba a taɓa kawo mata tsaraba a taron kimiyya ba, washegari kuma ta sa aka dafa wa kowa. Daga nan ta raba mana takarda mai jerin zare goma sha bakwai, garuruwa shida da tituna goma sha ɗaya. Ta ce ranar Alhamis ƙarfe sha biyu na rana kowa ya miƙa hasashensa, Juma'a a buɗe kwalba. Na dubi kwamfutocin sauran suna ƙyalli, na dubi tawa da aka ɗaure murfinta da salatif, na ce bismillah na shigar da jerin. Cikin minti biyu ta ba ni amsa, kyakkyawa, cikakkiyar hanya ta fito da yawa, tarkace kaɗan. Wata 'yar Kamaru da ke kusa da ni tata kwamfutar tana ta nishi har aka tashi. Ranar na koma masauki ina tafiya kamar an riga an kira sunana.

Talata da safe Madam Odil ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallon sakamakona, sannan ta ɗora yatsa a kan tituna uku na ƙarshen jerin, ta tambayi me ya sa ko sau ɗaya ba su manne da komai ba. Na ce wataƙila ba a bukatarsu ne. Ba ta yi musu ba. Ta ce in juya jerin, na ƙasa ya koma sama, in sake gwadawa. Na juya, na danna. Amsar da ta fito daban ce gaba ɗaya, kuma yanzu waɗanda suka koma ƙasa su ne ba su sami komai ba.

Ta ce, "Malam Sabi'u, wa ya gaya wa zarenka su bi layi? A cikin kwalba babu na farko, babu na ƙarshe. Duk a lokaci ɗaya suke karo da juna."

Ta wuce wurin na gaba. Na buɗe manhajar na bi ta layi-layi, ga abin a fili. Na tsara ta ne ta ɗauki zaren farko ta ba shi duk abokan da yake bukata har ya ƙoshi, sannan na biyu, sannan na uku, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Ba wanda ya koya mini haka a littafi. A gida na koya. A nan yankinmu idan aka buɗe ƙofar ruwa daga babbar magudana, gonar da ke bakin ƙofa ita ke fara sha, sai mai bi mata, a haka har ƙarshen layi. Gonar mahaifina ita ce ta ƙarshe a layinmu. Na tashi ina ganinsa tsaye a bakin busasshiyar kwata yana jiran abin da na sama suka bari, wani lokaci ya zo, wani lokaci tumatir ya yi yaushi. A kaina haka ake raba duk abin da ke gudana, har ban taɓa ganin zaɓi ne na yi ba. Shekara uku ina gwada manhajar da jerin da ni na tsara da hannuna, masu muhimmanci a sama, shi ya sa ba ta taɓa tona mini asiri ba. Kunya ta kama ni, har da wani baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba.

Lokacin hutun rana na gaya wa Istifanus komai, na ce ni kam ina ganin tafiyar ta tashi a banza. Ya sha dariya tukuna, ya ce wato har Kwatano na kawo rigimar masu ruwa. Sannan ya tambaye ni yadda ake raba naman watanda a unguwarmu idan ba a so a ce an fifita wani. Na ce a kasa kashi-kashi, mutum ɗaya ya juya baya, a nuna kashi a ce na wa, ya kira suna bai gani ba. Ya ce to me ya hana zaren. Na bar agidin a faranti na koma ɗaki da gudu.

Gyaran kansa bai fi yini ɗaya ba. Na cire layin, na sa manhajar ta riƙa zaro zare biyu da ƙuri'a, in sun dace su manne, in ba su dace ba su koma cikin taro, ta sake zarowa, haka sau miliyoyi. Matsalar ita ce aikin da take gamawa a minti biyu yanzu awa biyar yake nema. Ranar Laraba muka kunna ta, bayan awa uku ta yi zafi ta mutu. Saura dama ɗaya. Alhamis ina idar da sallar asuba na kunna ta, muka ɗora ta a kan ledojin ruwan sanyi da aka naɗe da tawul, Istifanus na yi mata fifita da bangon fayil, in ya gaji in karɓa. Duk rabin awa sai ya sauka ya sayo wasu ledojin. Matar karɓar baƙi ta leƙo ta gan mu, ta ja ƙofa ta rufe. Sha ɗaya da rabi kwamfutar ta gama.

Sakamakon bai yi kyan gani ba. Ya ce yawancin hanyoyin za su tsaya a gari biyu ko uku, tarkace ya yi yawa, cikakkiyar hanyar za ta fito amma 'yar kaɗan. Tsohon sakamakon yana nan a jakata, mai tsafta, irin wanda mutum zai so ya sa sunansa a kai. Ba zan ɓoye ba, na riƙe takardun biyu a hannu ina tunani har muka isa ƙofar ofishin Madam Odil. Istifanus ya ce, "Mutumina, wancan ka riga ka san ƙarya yake yi. Wannan ne ba ka sani ba tukuna." Na miƙa mummunan saura minti shida.

Juma'a da hantsi aka shigar da mu wani ɗaki aka kashe fitila. A kan tebur akwai wani farin abu mai santsi kamar yankan agidi, an ɗura ruwan kwalbar a cikinsa, wutar lantarki ta ja zaren, gajeru suka yi nisa, dogaye suka tsaya kusa. Madam Odil ta kunna wata fitila mai shuɗin haske, sai ga layuka suna ƙyalli a ciki. Can nesa wani ƙaton haske mai kauri, tarkacen gajerun hanyoyi ke nan. A kusa kuwa wani ɗan siririn layi da sai ka ƙura ido za ka gan shi. Na kama hannun Istifanus na matse har ya ce zan karya shi. Shekara uku ina lissafin wannan abu ban taɓa ganinsa ba, yau ga shi a gabana, kuma ya zauna kusan inda tsohuwar kwamfutata ta ce zai zauna. Hawaye ya zo mini, na gode wa Allah da ɗakin ke da duhu.

Bayan an dawo daga masallaci aka kira sunaye. 'Yar Kamarun nan ce ta ɗaya, ta kuma cancanta. Na biyu Madam Odil ta ɗan yi tuntuɓe wajen faɗar sunan, amma na gane nawa ne. Istifanus ya miƙe yana tafi shi kaɗai kafin kowa ya fara. Ban tuna yadda muka ƙetare iyaka a dawowa ba, bakina ya ƙi rufuwa har Zariya.

Ranar da na iso Kura da la'asar ban tarar da Baba a gida ba, aka ce yau ranar ruwansu ce. Na same shi a gona, tsaye da fartanya a kafaɗa, kwatar ko danshi babu. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa na samu gurbin, kuma wata shidan zai faɗo ne a tsakiyar noman rani, lokacin da na saba taya shi tsaron ruwa. Ya yi hamdala, ya ce in je, ba a fasa irin wannan don tumatir. Sai ya ce in ba shi labarin yadda aka yi. Na ba shi duka, har da jerin da aka juya da zaren da ba su samu ba. Ya saurara bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Wato kai ma da rabo ya zo hannunka, da na sama ka fara."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gyara, Baba. Yanzu kowa na samu."

Ya tambaye ni kwana nawa gyaran ya ɗauke ni, na ce yini ɗaya. Ya jinjina kai, ya juya ya dubi can saman layi inda ruwa ke sheƙi a gonakin mutane.

"Yini ɗaya," in ji shi. "Ni shekara talatin ke nan ina tsaye a nan."